Yaro mai numfashi sama-sama a ƙofar kemis: wa za a tura asibiti, kuma yaya za a kai shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kemis a wani gari a wajen Kano. Da dare, musamman lokacin hunturu, iyaye kan kawo min yara masu tari da numfashi sama-sama su ce in ba su magani. Asibitin da ke da iskar oksijin tafiyar kusan minti arba'in ce daga wurinmu. Ta yaya zan gane yaron da ba zai iya jiran safiya ba? Kuma me ya kamata a yi masa kafin a isa?

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Mu da ke aikin jinya a sashen gaggawa na yara mun san cewa da dama daga cikin yaran da ake shigo mana da su tsakar dare sai da aka biya da su ta wani kemis tukuna. Ke nan idonka ne ke fara ganinsu, namu na biyu ne. Lamarin kuma ba ƙarami ba ne: ƙiyasin UNICEF ya nuna cewa a 2018 nimoniya, wato ciwon huhu, ita kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a waccan shekarar.

Bari in fara da abin da ya raba yaro da babba. Babba idan ya yanke jiki ya faɗi, galibi zuciyarsa ce ta fara tsayawa. Yaro kuwa zuciyarsa ƙalau take. Numfashi ne ke fara gazawa, iska ta yi ƙaranci a jini, sannan zuciya ta rage bugu har ta tsaya. Wannan yakan ɗauki sa'o'i, wani zubin ma kwanaki, kuma duk tsawon lokacin jikin yaron yana nuna alama ga mai iya dubawa. Hanyar iskar jariri faɗinta kimanin milimita 4 ne. In ta kumbura da milimita 1 kacal a zagaye, saura milimita 2: ƙofar ta ragu da kashi uku cikin huɗu, wahalar jan iska kuma ta ninka kusan sau 16. Kumburin da babba zai ji ɗan kaushi ne kawai a maƙogwaro, shi ke shaƙe jariri. Ga harshe babba a ƙaramin baki, ga ƙeya mai tudu da ke lanƙwasa wuya in an kwantar da shi rigingine, ga shi a watannin farko ta hanci yake numfashi, majina kaɗai ta isa ta hana shi kama nono. Jikinsa na cin oksijin kusan ninki biyu na babba in aka auna da nauyi, naman ƙirjinsa kuma saurin gajiya gare shi.

In uwa ta shigo da shi, kada ka yi saurin miƙa hannu, kada kuma ka juya kanta neman kwalba. Tsaya daga inda kake ka dube shi na rabin minti yana jikin uwarsa. Da zarar baƙo ya taɓa yaro ya fashe da kuka, numfashi ya hargitse, ka rasa abin da kake son gani. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ce ta tsara wannan kallon farko a shekarar 2000 don ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya, ta kasa shi gida uku: yanayin yaron, wahalar da yake sha wajen numfashi, da launin jikinsa. Ba ya bukatar na'ura ko ɗaya, shi ya sa ya dace da shagonka.

A cikin ukun, yanayin yaron ya fi faɗin gaskiya. Yana kallonka? Idonsa na bin uwarsa? Kaɗa masa makullinka ka ga ko zai waiwaya ko ya kai hannu. In yana kuka, kukan da ƙarfi ne, kuma in ta rarrashe shi yana yin shiru? Ɗan wata goma mai lafiya in ya ga baƙo sai ya yi ƙiwa, ya cusa kai a ƙirjin uwarsa. In ka ga irinsa ya kafe ido wuri ɗaya, ka matso bai damu ba, ka ɗaga hannunsa ka saki ya faɗi yaraf, to ƙwaƙwalwarsa ba ta samun isasshiyar iska, ko jini, ko sukari. Ba sai ka san wanne ne ba. Wannan yaron na asibiti ne, yanzu. Ni dai yaron da ke tsala ihu yana turjewa ya fi kwantar min da hankali a kan wanda ya yi lamo.

Sai ƙirji. A hunturu yara a naɗe suke zuwa: singileti, riga, rigar sanyi, hula, ga zani ga hijabi. Ba a ganin numfashi ta cikin kaya. Ka ce, "Maman yaro, ɗan ɗaga min rigarsa zuwa hammata," ita za ta ɗaga, ba kai ba. Ka kalli ƙasan haƙarƙari, daidai inda ƙirji ya haɗu da ciki. Mai lafiya in ya ja iska, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Wanda huhunsa ya yi tauri saboda ciwo, in ya ja iska sai ƙasan ƙirjin ya lotsa ciki. A nan mutane ke ruɗewa. Lotsawar a lokacin jan iska take, ba lokacin fitarwa ba, kuma sai ta kasance a kowane numfashi yaron yana natse, ba sa'ad da yake kuka ko shan nono kaɗai ba. 'Yar lotsawar nama tsakanin haƙarƙari ba ita ake nufi ba, ƙashin ƙasan ƙirjin ne gaba ɗaya ke shiga. Duba hanci ko ƙofofinsa na buɗewa da kowane numfashi. Duba ramin wuya ko yana zurmawa. Duba kai: jaririn da ya jigata sai ka ga kansa na sunkuyawa yana ɗagowa tare da numfashi, kamar mai gyangyaɗi.

Kunne ma yana aiki ko babu abin sauraren ƙirji. Ɗan gajeren nishi a ƙarshen kowace fitar numfashi, "ih, ih, ih", ƙoƙari ne yaron ke yi na hana huhunsa rufewa, kuma mummunar alama ce, balle ga jariri. Ƙara mai kaushi lokacin jan iska daga maƙogwaro take, hanya ce ta ƙuntace a sama, in ana jin ta yaro yana zaune shiru ba a jira. Siririn fito lokacin fitar da iska daga cikin huhu yake, shi ne na asma da na murar da ke sauka ƙirjin jarirai. Minshari a yaron da hankalinsa ya gushe kuwa, harshe ne ko majina ko amai ya tare hanya.

Sannan ka ƙirga. Minti ɗaya cur da agogon wayarka, idonka a kan cikinsa. Kada ka ƙirga na sakan 15 ka ninka, domin numfashin jariri ba ya tafiya bai ɗaya, yakan yi sauri, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake aiki da shi a asibitocin matakin farko, shi ne: ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye a minti sauri ne, daga wata 2 har ya cika shekara, 50 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Rubuta lambobin nan uku ka manna a bango. Ga ɗan ƙasa da wata biyu, in ka samu 60 ka sake ƙirgawa.

Launi kuma, a fatarmu ba a ganin shuɗi a kumatu yadda hotunan littattafan Turai ke nunawa. Harshe ake dubawa, da dasashi, da cikin leɓe. Harshen da ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi yana nufin iska ta yi ƙasa sosai, kuma alama ce mai zuwa a makare, kada ka jira ta. Tafin hannu da cikin fatar ido in sun yi fari fat, jini ne ya ƙare. Danna farcensa har ya yi fari ka saki. In jan ya wuce sakan 3 bai dawo ba, hannun kuma da sanyi, jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. In kana da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, ƙasa da 90 asibiti ne kai tsaye. Amma kada lamba mai kyau ta yaudare ka. Wadda aka yi don yatsan babba ba ta zama daidai a na jariri, yatsa mai sanyi ko baƙin lalle na rikita ta, kuma wani bincike na Jami'ar Mishigan a 2020 ya gano tana ɓoye ƙarancin iska a masu baƙar fata kusan ninki uku na yadda take yi a fararen fata. In na'ura ta ce 95 amma yaro na nishi, ƙirji na lotsawa, idonka za ka gaskata.

Uwa kuma tambaya huɗu za ka yi mata. Ya kasa shan nono ko ruwa? Yana amayar da duk abin da ya sha? Ya yi jijjiga a wannan ciwon? Yana yawan barci da wuyar tashi? Waɗannan su ne manyan alamomin haɗari, ɗaya ta isa.

Yanzu ga wurin da na fi so ka riƙe, don a nan ake rasa yara a hannun masu ƙaunarsu. Yaro ya wuni yana haki, ƙirji na sama da ƙasa, gida duk an tsorata. Can dare ya raba sai ya lafa. Uwa ta ce, "Alhamdu lillahi ya samu barci, mu bari sai da safe." Wani lokacin sauƙin ne da gaske. Wani lokacin kuwa ƙarfinsa ne ya ƙare. Naman ƙirji ya gaji, numfashin da yake 70 ya sauko 30, mai aiki da agogo kaɗai sai ya ce ai ya dawo daidai. Fiton asma ma yakan ɗauke, ba don hanya ta buɗe ba, sai don iskar da ke shiga ba ta kai ta yi ƙara ba. Sauƙin gaske tare da wartsakewa yake zuwa: in ka tashe shi zai buɗe ido, ya yi kuka, ya nemi nono, ya kama da ƙarfi. Na gajiya kuwa numfashin ba zurfi ba tsari, yana ɗaukewa yana dawowa, goshi na gumi mai sanyi, ka murza tafin ƙafarsa da ƙyar ya motsa. In ka ɗora hannu a ƙirjinsa ka ji bugun zuciya ya sauka ƙasa da 60 a minti, mintuna suka rage. Saboda haka duk iyayen da ka sallama gida da yaro mai tari, ka gaya musu da bakinka: in ya yi barci a tashe shi a gani, a buɗe ƙirjinsa a haska da fitila sau biyu ko uku kafin asuba.

To wa ke tafiya yanzu? Duk mai ɗaya daga alamomin haɗarin nan, ko nishi, ko ƙarar maƙogwaro yana natse, ko sauyin launin harshe, ko lotsawar ƙirji. A asibiti akwai masu lotsawar ƙirji da ake sallama da maganin sha bayan an auna iskarsu, amma wannan hukuncin na wanda ke da abin awo ne kuma zai sake ganin yaron, ba na shago ba ne ƙarfe sha ɗayan dare. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa ba a ciniki a kansa: saurin numfashi, ƙin nono, zafin jiki, sanyin jiki, ko rage motsi, kowanne ya isa. Haka mai tamowa, da mai sikila, da wanda ƙyanda ta kama kwanan nan. Wanda saurin numfashi kaɗai gare shi, yana sha yana kallon mutane, nimoniya ce mai sauƙi da amoksisilin ke magancewa, ya je asibitin unguwa a ranar a ba shi adadin da ya dace da shekarunsa na cikakkun kwanaki. Mai tari da majina amma numfashi daidai, mura ce. Nono, ruwa, share hanci, ɗan zuma in ya haura shekara ɗaya, shi ke nan.

Sai dai ba kowane haki ne nimoniya ba, kuma tambaya ɗaya ke buɗe maka hanya: kwatsam ya fara, ko a hankali?

In yaro yana wasa lafiya lau sai ya turnuƙe da tari ba zazzaɓi, ka zargi ƙwarewa. Gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, dutsen sarƙa, murfin biro, duk muna ganinsu. Muddin yana tari da ƙarfi yana kuka, a bar shi ya yi tarin, kada a bubbuga shi, kada a zira yatsa a laluba, don laluben ke tura abin ciki. In tarin ya mutu, murya ta ɗauke, ido ya firfito, to ka shiga. Ɗan ƙasa da shekara: kifa shi a kan hannunka rub da ciki, kai ya fi gindi ƙasa, ka tallafe haɓarsa, ka buga tsakanin kafaɗunsa da tudun tafin hannu sau 5. Juya shi rigingine ka danna tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, sau 5. Ka yi ta maimaitawa. Ba a danna cikin jariri. Wanda ya haura shekara: sunkuyar da shi, bugu 5 a baya, sannan ka rungumo shi ta baya ka sa dunƙulen hannu tsakanin cibiya da ƙahon zuci ka ja ciki da sama sau 5. Ko ya lafa, in tari ko fito bai daina ba a kai shi babban asibiti, domin gutsuren gyaɗa kan sauka cikin huhu, ba ya fitowa sarai a hoton ƙirji, kuma da na'ura ake ciro shi.

Mashaƙo kuma kada ya fita daga ranka. Tun ƙarshen 2022 da ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki. Ciwon maƙogwaro, ɗan zazzaɓi, dishewar murya, kumburin wuya, da wata fata mai launin toka da ta manne a can ciki, galibi a yaron da bai kammala allurar rigakafin sati 6, 10 da 14 ba. Kada a kankare fatar, kada a danna harshe da cokali, kada a kai shi wurin wanzami a ce belu ne. Maganin karya dafin cutar a asibiti kaɗai yake. Ka sa takunkumi, ka kuma faɗa wa iyayen cewa sauran yaran gidan ma sai an duba su.

Akwai kuma numfashi mai zurfi, dogo-dogo, ba tari ba lotsawa. Wannan ba huhu ba ne, jini ne ya yi tsami jiki ke ƙoƙarin fitarwa ta numfashi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na kawo shi, haka gudawar da ta tsotse ruwan jiki, haka ƙarewar jini. Wanda bai sani ba sai ya ba da maganin tari, alhali yaron ƙarin jini yake bukata. In ɗan ƙasa da shekara shida ne mai zazzaɓi da alamar haɗari, kuma akwai atesunet, maganin zazzaɓin cizon sauro na matsawa a dubura, a wurin ma'aikacin lafiya na kusa, a matsa masa a wuce. Wannan ɗin riƙon hanya ne, ba ya maye gurbin asibiti.

Kalanzir da aka zuba a robar lemo yaro ya kurɓa: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Illar kalanzir a huhu take, amai ne ke kai shi can, kuma hakin kan bayyana bayan sa'o'i. In fiya-fiya ya sha kuwa za ka ga miyau na dalala, gumi, ƙwayar ido ta ƙanƙance. A tuɓe kayan, a wanke jiki da sabulu, a kwantar da shi a gefe, a tafi da kwalbar. In kuma mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai da jiri, ka tambayi kaskon gawayi ko janareta. A fito da kowa sarari. A wannan gubar 'yar na'urar yatsa lamba mai kyau take nunawa, kada ka dogara da ita.

Mai fito, musamman wanda aka san shi da asma, a nan kana da abin yi na gaske. Salbutamol na shaƙa ya fi na sha saurin aiki nesa ba kusa ba, amma ƙaramin yaro ba ya iya haɗa fesawa da jan iska, sai da mazubi a tsakani. In babu na kanti, robar ruwa mai cin mililita 500 ta wadatar. Wani bincike a Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna aikinta bai gaza na kanti ba. Huda gindinta daidai girman bakin inhela, wato abin fesa maganin, ka cusa ya zauna tam, ka fara fesa 'yan kaɗan a ciki in sabuwa ce. Yaro ya kama bakin robar da leɓe. Girgiza inhelar, fesa ɗaya, ya ja numfashi biyar ko shida, sannan fesa na biyu. A maimaita bayan minti 15 zuwa 20, har sau uku, kuma ana iya yi a cikin mota. Maganar da ake yi cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita ba ta da tushe, ka taya mu gyara ta.

Abin da ba a yi ya kusa fin abin da ake yi muhimmanci. Maganin tari da na mura mai sa barci ba sa buɗe huhu, kwantar da yaron kawai suke yi su ɓoye alamar da muke nema. Kodin, wanda gwamnati ta haramta a maganin tari tun 2018, rage numfashi yake yi kai tsaye. Ɗura ga yaro mai haki hanya ce ta kai kunu cikin huhu. Turare, hayaƙi da man zafi a hanci ƙara ƙuntata hanya suke. Allura da ƙarin ruwa a shago kuwa, ban da cinye sa'o'in da ake bukata, ledar ruwa na iya danne zuciyar mai tamowa ko wanda jininsa ya ƙare. Na san halin da kake ciki. Uba ya zo da kuɗinsa a hannu, yana tsoron kuɗin asibiti, in ka ce a tafi sai ya ga kamar ka ƙi taimako ne, ya zarce shagon gaba. Abin da na ga yana aiki shi ne a nuna masa da ido. Haska ƙirjin ka ce, "Baba, dubi nan. Ka ga yadda yake shiga? Iska yake nema, ni kuwa ba ni da ita a kanta." Wanda ya ga lotsawar da idonsa ba kasafai yake musu ba.

Hanya ita ma jinya ce. Babban roƙona, kada a goya shi. Goyo ne abin da hannun uwa ya saba, amma ka duba: an ɗaure zani tam a ƙirjin da ke fama, fuska a manne da bayanta, an lulluɓa hijabi, an hau babur, minti arba'in ba mai ganinsa. In numfashi ya tsaya ba wanda zai sani sai an kwance zanin a ƙofar asibiti. A riƙe shi ta gaba, a zaune a cinya, fuska a buɗe, wani na haskawa da fitilar waya. Mota ko A Daidaita Sahu sun fi babur. Yaro mai hankalinsa a bar shi a zaman da ya zaɓa, ko da ya sunkuya gaba ne, kada a tilasta masa kwanciya. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefe don amai ya zubo waje. Jariri in dole ya kwanta rigingine, a ninka ɗankwali a sa ƙarƙashin kafaɗunsa, ba ƙarƙashin kai ba, don wuya ya miƙe. Sabon haihuwa a manna shi a ƙirjin uwa fata da fata, a sa masa hula, a juya fuskarsa gefe inda ake gani. Kafin a tashi a share hanci da ɗigon ruwan gishiri. In yana iya tsotsa, a ba shi nono kaɗan-kaɗan. In ba ya kama nono amma yana haɗiya lafiya, ƙaramin cokali 4 na sukari a kofin ruwa mai mililita 200, a ba shi 'yan kurɓi. In ba ya haɗiya, kada a zuba komai a bakinsa.

In numfashi ya tsaya, a tsayar da abin hawa. Kwantar da shi a wuri mai tauri, ɗaga haɓa kaɗan, rufe bakinsa da hancinsa da bakinka in jariri ne, in ya haura shekara toshe hanci ka hura ta baki, a hankali har ƙirji ya taso, sau 5. In bai motsa ba, danna tsakiyar ƙirji sau 30, hura 2, ka yi ta yi. Zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirji, kimanin santimita 4 ga jariri, 5 ga yaro, saurin kuma 100 zuwa 120 a minti. Ga jariri manyan yatsunka biyu a ƙirji sauran sun zagaye baya, ga yaro tudun hannu ɗaya. A yaro hurawar ce ginshiƙi, tunda rashin iska ne ya tsayar da zuciyar. Karatu kaɗai ba ya koyar da wannan, ka nemi horon taimakon farko irin na Red Cross inda za ka gwada da hannunka a jikin 'yar tsana.

Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta ake kira, kuma tun 2022 gwamnatin tarayya ta fara tsarin motocin gaggawa da ake faɗaɗawa jiha-jiha. A kira, amma in ga mota a ƙofa kada a zauna jira. Abin da ya fi, da rana tsaka ka shirya da direbobi biyu ko uku na unguwa waɗanda za su ɗaga waya ƙarfe biyun dare, ka kuma san asibitin da ke da oksijin da ɗakin jini a ɓangarenku, ko da ya ɗan fi wani nisa. A cikin birni akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, da Murtala, da na Malam Aminu Kano. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar gaggawa. Ka gaya wa iyayen in sun isa kada su bi layin kati. Su nufi sashen gaggawa na yara, su ce wa ma'aikacin jinya na farko da suka gani, "Yaron nan numfashi ne ke gagararsa," wani ya koma yankar katin daga baya.

Kafin su fita ka yagi takarda ka rubuta: shekarunsa ko watanninsa, yaushe ciwon ya fara, numfashi nawa ka ƙirga da ƙarfe nawa, alamomin da ka gani, da duk abin da aka ba shi, naka da na gida har da na gargajiya, da lokacin da aka ba shi. Minti ɗaya ya ishe ka. In ka rubuta 64 ƙarfe goma, mu muka ƙirga 38 sha ɗaya saura a yaron da ya saki jiki, takardarka ce za ta gaya mana gajiya ce ba sauƙi ba. Su tafi da katin rigakafinsa da kwalaben magungunan da ya sha, ka kuma sa lambar wayarka a ƙasan takardar, don wani lokacin likita kan so ya tambayi wanda ya fara ganinsa.